Babi na 7: Awon kifi da rubuta abin da ido ya gani

Darasi na 1: Farfesan da rukunansa 3

Iyayena da yayyena sannunku da ƙoƙari. Wannan babin kan kifin ruwan daɗi ne, wato na kogi da tafki, ba na teku mai gishiri ba. Ku ɗauko littafi da fensir da rula, wanda bai da rula ya aro yanzu kafin mu yi nisa.

Akwai wani farfesan ilimin halittu, sunansa Eugene Balon, an haife shi a 1930 a ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokacin, ya rasu a 2013. Ku sa yatsa a ƙarƙashin lambobin nan ku karanta a hankali, shekaru ne. Mutumin nan ya ƙarar da rayuwarsa kan kifi, ya yi aiki a kogin Danube a Turai, ya zo ya yi a tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, daga baya ya koma Jami'ar Guelph a Kanada yana koyarwa. A 1975 ya fitar da rubutun da aka fi saninsa da shi, inda ya kasa kifaye bisa yadda suke yi da ƙwansu, manyan rukuni 3.

Na farko masu zubarwa su yi gaba. Tarwada kenan, idan damina ta sauka ruwa ya malale ciyawa sai ta shiga ta zuba ƙwai masu yawan gaske, su manne a jikin ciyawar, namiji ya zuba nasa ruwan a kai, shikenan kowa ya kama gabansa, cikin kwana 1 zuwa 2 sun ƙyanƙyashe, wanda Allah ya raya ya rayu. Na biyu masu gadi, su kan yi sheƙa su tsaya a kai, kamar gaiwa, ita namijin ne ma ke gadin. Na uku masu ɗauka, su ƙwan a jikinsu yake tafiya. Karfasar Nilu misali ce mai kyau, namiji ya share ɗan rami a ƙasan ruwa, mace ta zuba ƙwai ta kwashe abinta a baki, ta riƙe har su zama 'ya'ya, kusan mako 2 ba ta cin abinci. Amma fa ba kowace karfasa ke haka ba, akwai masu gadin sheƙa.

Ku kwafa kalmomin nan a layi daban daban: zubarwa, gadi, ɗauka. Harafin farko na ɗauka mai lanƙwasa ne a sama, kar a manta lanƙwasar.

Darasi na 2: Awo

Toh ga inda aikin yake. Duk farfesan da kuka ji yana maganar kifi da awo ya fara, shi da ɗalibansa, kifi bayan kifi, kuma wallahi abin da za ku yi yau shi ne suke yi, sai dai su kan yi a kan allon awo.

Kwantar da rular a wuri mai shafe, lambobi na kallon sama. Duba gefen hagu, akwai ɗan layi da aka rubuta 0, sifili kenan. A wasu ruloli akwai ɗan fili kafin sifilin, wannan filin ba ya cikin lissafi. Kwantar da kifin a kan gefensa, kai a hagu, jela a dama, rufe masa baki. Bakin kifi ya tsaya daidai kan sifili. Kan sifili, ba kan 1 ba, ba kuma ƙarshen katakon rular ba.

Na san abin da ke kawo rikicin, tun muna yara da 1 muke fara ƙirga, don haka hannu da kansa yake kai kifin kan 1. Ba laifinku ba ne, kusan kowa sai ya yi wannan. Amma idan ka fara daga 1, kifi mai santimita 20 zai nuna 21, ka ƙara masa tsawon da Allah bai ba shi ba. Don haka kafin ka kalli jela, kalli baki. Yana kan sifili? Madalla. Yanzu bi da ido har ƙarshen jela, lambar da jelar ta tsaya a kai ita ce tsawon. Kafin ka rubuta sake kallon bakin, don kifi na da santsi, kana can kana kallon jela shi ya zame ya bar sifilin. Mayar da shi. Sake karantawa. Sai ka rubuta.

Ku gwada da fensir tukuna, tsininsa kan sifili. Sau 5. Kar ku ji kunya, hannu ne ke koyo.

Me ya sa muke wannan wahalar? Saboda kowane irin kifi na da tsawon da idan mace ta kai shi take fara ƙwai, da awo ake gano shi, kuma da shi ake sanin girman idon ragar da ya dace, don idan ana kwashe kifi tun bai yi ƙwai ko sau ɗaya ba, wa zai haifi na baɗi?

Kuma don Allah, na faɗa na maimaita, amma duk ajin da na shiga sai na tarar da manya da gemunsu da jikokinsu sun ɗora kifi kan 1, ka tambaya su ce ai kusan ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne! Wanda ba zai iya tsayawa ya duba sifili ba ya ajiye rular kawai, kar ya cika mana littafi da ƙarya.

Darasi na 3: Mace ko namiji

Juya kifin ciki sama, duba kusa da dubura. Namijin tarwada na da ɗan tsiro mai tsini a bayan duburar, na macen zagayayye ne, ba tsini. Karfasa kuwa namiji ƙofa 2, mace 3, sai an ƙura ido a wuri mai haske. Idan ba ka gane ba rubuta ban gane ba, ya fi hasashe. Bayan ka juyo da shi idan za ka sake awo, baki kan sifili.

Darasi na 4: Rubutawa

Kifi ɗaya layi ɗaya. Kwanan wata da farko, sai sunan kifi, sai mace ko namiji, sai tsawo. Kamar haka: 14 ga Yuli, tarwada, mace, santimita 32, ciki cike da ƙwai. Idan ka buɗe bakin karfasa ka ga ƙwai ko 'ya'ya, rubuta, ka mayar da ita ruwa.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku auna kifi 10, ku rubuta, a gefen kowanne ku sa rukuninsa. Ku zo da littafin, zan duba.