Yadda Za Ka Gane Shiyyoyin Sojan Rasha Idan Kana Bin Labaran Yaƙi

A majalisun Agege da Idi-Araba ba a rasa musu kan yaƙin Ukraine, kuma yawancin ruɗanin daga wuri ɗaya yake tasowa: ana haɗa gidan runduna da inda take faɗa. Shiyyar soja a Rasha gida ce. Can ake ɗaukar kurata, a horar da su, a ajiye tankoki da harsasai. Kamar yadda Runduna ta 81 ke riƙe da Legas da Ogun, amma ka iske sojan barikin Ikeja yana aiki a Borno.

Fara da duba shekarar taswirar da ke hannunka, don tsarin ya sha sauyi. Ministan yaƙi Dmitry Milyutin ne ya kafa shi tsakanin 1862 zuwa 1864, zamanin Sarki Alexander na Biyu. A 2010 aka dunƙule shiyyoyi 6 suka koma 4: Yamma, Kudu, Tsakiya da Gabas. A 2021 rundunar ruwa ta Arewa ta samu matsayin shiyya. Sai a Fabrairun 2024 Putin ya rushe ta Yamma, ya dawo da shiyyoyin Moscow da Leningrad, ya kuma karɓe matsayin nan daga rundunar Arewa, bayan Finland ta shiga NATO a 2023. Duk taswirar da ta nuna maka shiyyar Yamma, ta tsufa.

Daga nan haddace hedikwatoci biyar. Ta Moscow tana Moscow. Ta Leningrad tana St Petersburg (birnin ya sauya suna tun 1991, shiyyar dai tana amsa tsohon), kuma Kaliningrad, yankin Rasha da ke tsakanin Poland da Lithuania, a ƙarƙashinta take. Ta Kudu tana Rostov, ta Tsakiya tana Yekaterinburg, ta Gabas tana Khabarovsk.

Mataki na uku shi ne lamba. Idan rahoto ya ambaci birget ko bataliya, nemi babbar rundunar da take ciki, ita za ta kai ka gida. Ta 58 a Vladikavkaz take, ta 49 a Stavropol, duk ’yan Kudu ne. Ta 41 (Novosibirsk) da ta 2 (Samara) na Tsakiya ne. Ta 5 da ta 29 da ta 35 da ta 36 daga Gabas suke. Rundunar tankoki ta 1 da runduna ta 20 na Moscow ne.

Ga inda ake yawan yin tuntuɓe. A fagen daga akwai rukunoni masu suna Zapad (yamma), Yug (kudu), Tsentr (tsakiya), Vostok, Sever (arewa) da Dnepr. Vostok na nufin gabas, sai mai sauraro ya ɗauka ana gwabzawa ne kusa da Sin. Ina! Dakarun shiyyar Gabas ne aka kwaso ta jirgin ƙasa aka jibge a kudu maso gabashin Ukraine. Dnepr kuwa ba ta da shiyya ko kaɗan, sunan kogi ta ci.

Kada kuma ka ce duk sansanin da ke cikin shiyya kwamandanta ke juya shi. Dakarun manyan makamai masu linzami na nukiliya da sojojin laima kai tsaye suke karɓar umarni daga sama. Filin jiragen Engels da ke kusa da Saratov, wanda aka kai wa hari a Disambar 2022, a ƙasar shiyyar Tsakiya yake, amma na rundunar jirage masu dogon zango ne.

Sansanonin waje ma kowanne da uwar gijiyarsa. Na 102 a Gyumri ta Armeniya, na 7 a Abkhazia da na 4 a Ossetia ta Kudu (yankunan da suka ɓalle daga Jojiya), duk shiyyar Kudu ke kula da su. Na 201 a Tajikistan da filin jirgin Kant a Kyrgyzstan na Tsakiya ne. Tashar Tartus (tun 1971) da filin Hmeimim (tun 2015) a Siriya lissafinsu daban ne, kuma tun faɗuwar Assad a Disambar 2024 duk labarin da ka gani a kansu, duba ranar da aka rubuta shi kafin ka tura a WhatsApp.

Dokar nan ta Putin ta Fabrairun 2024 ta sa Donetsk, Luhansk, Zaporizhzhia da Kherson cikin shiyyar Kudu, tare da Crimea. Taswirar Rasha za ta nuna su haka, ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa a cikin Ukraine take nuna su.