Yadda ake bin diddigin jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku da ya ɓace

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Bayero zai iya wannan bincike daga Kano ba tare da ya taɓa ganin teku ba, muddin yana da intanet da haƙuri. Batun ma ya shafe mu: a Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman da ake haɗawa a Takoradi, a Ghana ta yanzu, ta Kano suke bi zuwa Khartum da Alƙahira, Jamus kuma ta yi ta turo jiragen nutso don datse hanyar ruwan Afirka ta Yamma.

Fara da lambar jirgin. Jiragen nan ba su da suna, sai harafin U da lamba. Ka samu nau'insa, inda aka ƙera shi, sunan kwamanda da ranar da ya bar tashar ƙarshe. Shafin uboat.net zai ba ka wannan kyauta, amma ka ɗauke shi a matsayin ƙofar shiga kawai. Misali mai kyau shi ne U-69, nau'in VIIC, wanda ya dasa nakiyoyi a bakin tashoshin Takoradi da Legas a Mayun 1941, sannan ya nutse da mutum 46 a 17 ga Fabrairun 1943.

Daga nan sai kundin yaƙi, wanda Jamusawa ke kira KTB. Na asali suna ɗakin adana takardun soja na Freiburg, akwai kuma kwafinsu a Amurka cikin jerin T1022. Nan ne sababbin shiga ke tuntuɓe: kundin tafiyar ƙarshe yana tafiya ƙasa tare da jirgin. Abin da za ka gani da sunan wannan tafiyar, hedikwatar Dönitz, shugaban rundunar jiragen nutso na Jamus, ce ta harhaɗa shi daga saƙonnin rediyo. Don haka ka raba takarda gida biyu, ɗaya na saƙon da jirgin ya aiko, ɗaya na umarnin da aka aika masa. Na farko ne shaida. Na biyu yana nuna inda aka so ya je ne kawai.

U-869 ya isa hujja a kan haka. Ya bar Norwe a Disambar 1944 da mutum 56. An aika masa umarni ya karkata zuwa yankin Jibralta, bayan yaƙi kuma aka rubuta cewa an nutsar da shi kusa da Maroko a 28 ga Fabrairun 1945. Shekara arba'in da shida ana kan haka. A 1991 masu nutso suka tarar da wani jirgi kimanin mil 60 daga gaɓar New Jersey, a zurfin kusan mita 70, kuma sai 1997 aka tabbatar U-869 ne, bayan an ciro alamar da ke jikin akwatin kayan gyara mai ɗauke da lambarsa. Alamu sun nuna umarnin bai taɓa isa gare shi ba. Masu nutso uku sun rasa rayukansu a wurin kafin a kai ga wannan amsa.

Sai lissafin wuri. Jamusawa ba sa aiko da digiri, murabba'i suke faɗa: haruffa biyu da lambobi huɗu. Haruffan suna nufin babban fili mai faɗin kusan mil 486 na ruwa, lambobin kuma suna tsuke shi har zuwa mil 6. Ko ka juya shi daidai, ka bar sarari na kuskure, domin idan hadari ya rufe sama kwanaki, matuƙi da ƙiyasi yake tafiya. Ka kuma lura da agogo. Jirgin Jamus da lokacin Jamus yake rubutu ko a ina yake, Turawan Ingila kuma da na Girinwic ko na yankin da suke. Tazarar awa ɗaya ko biyu takan sa a jingina nutsewar ga wanda bai yi ba.

Yanzu ka ɗauko rahotannin maharan, wato jerin ADM 199 a ɗakin adana takardu na Kew a Landan, da saƙonnin Jamus da aka warware a DEFE 3. Kada ka yarda da "mun ga mai da kumfa". Jirgin da ya ji rauni yana iya yoyon mai ya tsira, kuma Jamusawa suna da wani gwangwani mai fitar da kumfa don ruɗin na'urar sauraro. Shi kansa U-69, da farko jirgin yaƙin Ingila HMS Viscount aka ba nasarar nutsar da shi, daga baya aka gano HMS Fame ce, Viscount kuwa U-201 ta nutsar.

Idan an samu gawar jirgin, tsayi da bututu ake fara dubawa. VIIC yana da kusan mita 67 da bututun harbi biyar, IXC kuma kusan mita 77 da bututu shida, biyu daga ciki a baya. Bututun shaƙar iska yana nuna 1944 ko bayanta. Wannan yana rage yawan jiragen da ake zato, amma ba ya ba da lamba.

Sunayen mamatan ka tantance su da allunan tagulla na Möltenort kusa da Kiel, inda aka jera su jirgi-jirgi.