Yadda Ake Koya wa Jariri Maganar Hannu Tun Bakinsa Bai Buɗe Ba

Duk macen da ta yi raino a garin Garwa na arewacin Kamaru cikin watan Maris ko Afrilu ta san kukan nan da ba a gane kansa. Zafi ya haura digiri 40, ɗan wata tara yana ta tsala ihu, kin ba shi nono ya kau da kai, kin goya shi ya banƙare, kin duba famfas a bushe yake. Sai can wata ta ɗebo ruwan randa ta kai masa baki, ya kama sha kamar zai haɗiye moɗar. Ashe ƙishirwa ce kawai, bakin faɗa ne babu. Hannun yaro kuwa yana riga harshensa yin ƙwari. Tun yana wata takwas zuwa goma yana iya tafi, yana miƙa hannu a ɗauke shi, yana ɗaga wa mai fita hannu, alhali kalmar farko ba ta cika fitowa ba sai wajen shekara. Waɗannan 'yan watannin na tsakani su ake cikewa da maganar hannu.

Na yi wa 'ya'yana biyu, ta tsakiya da auta, kuma na ga mata da dama a unguwarmu sun ɗauki abin da zafi, bayan mako uku sun watsar suna cewa ƙaryar Nasara ce. Kusan dukkansu wuri ɗaya suka faɗi, inda ni ma na faɗi da farko, shi ya sa zan daɗe a kansa in mun iso. Yayin dai daga Amurka ya taso. A shekarun 1980 wasu mata biyu masana halayyar yara a Kalifoniya, Linda Acredolo da Susan Goodwyn, suka lura jarirai suna ƙirƙiro alamu da kansu, suka shiga nazarin abin. Daga baya ya koma kasuwa, ana sayar da littattafai da bidiyo, ana alkawarin yaro zai fi sa'o'insa kaifin ƙwaƙwalwa. Cire wannan daga ranki. Wani bincike da aka yi a Ingila, wanda ya fito a 2013, ya bi jariran da aka koya wa alama da waɗanda ba a koya wa ba, bai ga na farkon sun fi sauran iya magana ba. Ni abin da na samu shi ne raguwar kukan da ba a san dalilinsa ba, kuma ya ishe ni.

Ki fara yana wata shida, sa'ad da ya soma zama aka fara ɗanɗana masa kunu. Kafin nan nono zalla yake sha, ko ruwa ba a ba shi, hannunsa kuma bai kai kwaikwayo ba, kanki kawai za ki wahalar. In ya riga ya kai wata goma ko shekara ba ki makara ba, irinsu ma sun fi saurin mayarwa.

Alama uku za ki ɗauka, kada ki ƙara ko ɗaya sai ya mayar miki da guda. Ta nono: ki dunƙule hannu ki buɗe, ki dunƙule ki buɗe, kamar mai tatsar saniya. Ta ƙari: ki tsuke yatsun kowane hannu, ki riƙa haɗa bakinsu a gaban ƙirjinki. Ta ruwa: ki taɓa haɓarki da ɗan ali sau biyu. A bidiyon waya za ki ga suna ɗora yatsu uku a haɓa, wannan siffar harafin farko ne na kalmar ruwa a Turanci, ba abin da ya haɗa mu da ita, kuma ba jaririn da zai iya miƙar da yatsu uku ya naɗe biyu. Wasu kan yi alamar ruwa kamar mai kai kofi baki. Ban yarda da ita ba, don ranar da kika ƙaro ta abinci, wato loma zuwa baki, hannun yaro zai cakuɗa su ki rasa wadda yake nufi.

Ta huɗu, wato "ya ƙare", ita ta ja mini abin kunya. A bidiyon da na kwafa ana ɗaga tafuka biyu, yatsu a ware, a juya su waje. Haka na yi ta yi wa 'yata ban tsaya na duba abin da nake yi ba. Rannan kakarta ta wajen uba ta gama ba ta kunun gyaɗa, ta goge mata baki ta ce, "To kishiya, kin ƙoshi?" Yarinya ta ɗaga hannu ɗaya ta ware mata yatsu biyar a fuska. Tsohuwa ta ajiye ludayi a hankali ta juyo ta dube ni.

"Ke, daƙuwa kike koya mata?"

"Wallahi Inna, cewa take ya ƙare."

"To a gidan nan ba haka ake cewa ba."

Da gaskiyarta. Muna da tamu tun fil azal: a shimfiɗa tafuka biyu suna kallon sama, kamar mai cewa babu. Sai da na yi kusan wata kafin na raba yarinyar da waccan. Saboda haka duk alamar da kika gani a waya, ki fara yi wa wata tsohuwa a gidan, in ta yamutsa fuska ki bar ta. Kada ma ki ƙona kuɗin data kina sauke bidiyon alama ɗari, ko ki sayi katuna masu hotuna. In akwai kurma a unguwarku, ki zauna da shi ko da 'yan gidansu rabin yini, za ki tashi da alamun da suka dace da tuwonmu da randarmu, ba ki kashe ko dala ba.

Sai yadda ake yi. Abin da masu bidiyo ba su sani ba game da mu shi ne goyo. Yaronmu rabin yininsa a bayanki yake, ƙeyarki yake kallo, ko da kin yi alama sau dubu kina daka bai gani ba. Lokutan da kuke fuska da fuska kaɗan ne, su za ki kama: shayarwa, kunu, wanka. Ki zaunar da shi a cinya ko kan tabarma, ki bari idonsa ya faɗo kanki, ki ce "ruwa" da baki kina taɓa haɓa, nan take ki ba shi. Yana cikin sha ki sake. Hannunki ya zama kusa da fuskarki don ido ɗaya ya ɗauki baki da hannu tare. Kada ki taɓa yin alama a shiru, kullum da kalmarta. In ya riga ya ɓarke da kuka, ki ba shi abin da yake so kawai, mai kuka ba ya karatu. Da hannun dama za ki riƙa yi, amma in ya mayar da hagu kada a buge masa hannu, yana kallonki ne kamar madubi, zai gyara daga baya.

Kowa a gidan ya san alamun, har 'yar raino da yayyensa da abokiyar zama in akwai. Mu nan yaro yana tashi ne cikin harsuna uku. Ni in ce ruwa, maƙwabciya Bafulatana ta ce ndiyam, yayansa ya dawo daga lakwal, wato makarantar boko, ya faɗa da Faransanci. In duka ukun muna taɓa haɓa, yaron yana gane abu ɗaya muke nufi. In kuwa kowa da tasa alamar, an rikita shi kenan.

Yanzu mun iso inda ake faɗuwa. In kin fara a wata shida, galibi sai wata takwas zuwa goma za ki ga amsa, wajen lokacin da ake kai shi allurar ƙyanda ta wata tara. Wasu yaran sai sun cika shekara. Wato za ki yi wata biyu zuwa huɗu kina tatsar iska a gaban yaro yana kallonki kamar mahaukaciya, mutanen gida suna dariya. Masu watsarwa a mako na uku ba su ma shiga lokacin ba. Fahimta tana riga mayarwa zuwa: in kin yi alamar nono kika ga ya washe baki yana harba ƙafa, ko ya kai kai ƙirjinki, to ya shiga, hannu ne ya rage.

Amma babban kuskuren ba na haƙuri ba ne kaɗai. Yaro yakan fara mayarwa uwa ba ta gani ba, don tana jiran ta ga irin tata sak. Yatsunsa ba su rabu da juna ba tukuna, yawanci da dukan hannu yake yi. 'Yata tana wata tara ta ɗauki wata ɗabi'a, in ana ba ta kunu sai ta riƙa buga dunƙulen hannu ɗaya a tafin ɗayan. Na ɗauka tafi take koyo, har ina taya ta da waƙa, in ɗauke kwano in tashi. Ita kuma ta bi ni da kuka. Na fi mako biyu a haka, na fara gaya wa babansu cewa wannan yarinyar ba ta ɗauka, zan daina. Yayanta ne, yana ɗan shekara biyar a lokacin, yana zaune gefe yana cin nasa, ya ce, "Mama, ƙari take cewa." Na tsaya da kwano a hannu. Na koma na zauna, na ce, "Ƙari?" na haɗa yatsuna, na kai mata cokali. Ta haɗiye, ta dube ni, ta sake bugawa. A zaman nan ta yi sau shida. Mako biyu yarinya tana yi mini magana ina tashi ina barin ta.

Don haka daga wata takwas ki sa ido kan duk motsin da yake maimaitawa a lokaci iri ɗaya. Alamar nono tana iya fitowa kamar yana kiran mutum, ko yana buɗe hannu a gefen cinyarsa ba ma a gabanki ba. Ta ruwa tana iya komawa mari a kumatu ko jan kunne. In kina kokwanto, ki ɗauka alama ce, ki faɗi kalmar, ki yi tata daidai, ki ba shi abin nan take. In kin yi kuskure asararki cokali ɗaya ce. In kuwa alama ce kika ƙyale, yaro yakan gwada kwana kaɗan ya ga ba ta biya, ya koma kukansa da ya san yana aiki. Kada ki gyara masa yatsu, ke dai ki ci gaba da yin taki yadda take, nasa zai matso da kansa.

Abu biyu na hana a gidana. Na ɗaya, riƙe abinci a ce sai ya yi alama. Na ga wata ta ɗaga kofi sama tana cewa "yi mana, yi mana", yaro yana miƙa hannu yana kuka da ƙishi. Wannan horo ne, kuma yaron ya tsani alamar daga ranar. Na biyu, mayar da shi abin kallo. Baƙi sun zo suna, a ce "nuna wa Goggo nono". Ba zai yi ba, don ba ya jin yunwa, ke ce za ki ji kunya.

Akwai kuma lokacin da alama ɗaya za ta zama komai. Autana "ƙari" ya riƙe: ƙari in yana son a ɗauke shi, ƙari in babur ya wuce, ƙari in akuya ta shigo. Ba lalacewa ba ce, ya gano hannu yana kawo abu ne, yana gwada mabuɗin a kowace ƙofa. Alamar ki ƙara masa wasu ce.

Daga nan abin yana gudu. Ki ƙara biyu ko uku a mako gwargwadon abin da idonsa ke bi. Ta zafi ki sa ta gaba, saboda murhu da gawayi da butar shayi: ki kai hannu kusa ki fizge kina hura iska. Sai barci, wanka, kaza, akuya, da ta ciwo, wadda nake yi ta hanyar dafa wurin ina yamutsa fuska. Tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kalmomi za su riƙa ture alamun ɗaya bayan ɗaya, ba sai kin yaye shi daga gare su ba.

Za a ce miki yaro zai zama bebe. Ni ma an faɗa mini. Alama ba ta hana baki buɗewa muddin kina magana tare da ita, kamar yadda rarrafe bai hana kowa tafiya ba. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne alama ta rufe miki ido daga matsalar kunne. Yaron da ya kai wata tara zuwa goma ba ya gwalantu, ba "ba-ba-ba" ba "da-da-da", ko kika kira sunansa daga baya bai waiwayo ba, ko ƙofa ta buga bai firgita ba, ki kai shi asibiti a duba jinsa ko da yana alama goma. Arewacin Kamaru da Chadi suna cikin yankin da sanƙarau ke yawo da rani, kuma yana daga cikin cututtukan da ke kashe kunne, don haka duk yaron da ya tashi daga shi a gwada jinsa ko da ya warke sarai. In ta tabbata kurma ne, waɗannan 'yan alamun ba za su ishe shi ba, cikakken harshen kurame yake buƙata tun yana ƙarami, shi da mutanen gidan. Wanda makarantun kurame da yawa ke koyarwa a ƙasashen nan ya samo asali ne daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fatan Amurka da ya buɗe makarantu a ƙasashen Afirka tun daga Gana a 1957, har da Kamaru da Chadi. Gwajin kiran suna ki yi shi yana zaune ya ba ki baya, ba a goye ba, don a goye yana jin rawar muryarki ta jikinki ko da kunnen bai ɗauka ba.