Yadda ake ɗaukaka ƙara kan diyyar haɗarin aiki a Damagaram

Idan ka ji rauni a bakin aiki, CNSS, wato Kes, hukumar inshorar ma'aikata ta Nijar, ita ke biyan kuɗin magani da diyya. Tana iya cewa haɗarin ba na aiki ba ne, ko kuma likitanta ya yanke maka kason nakasa da bai kai raunin ba. A nan ake zuwa kotun ƙwadago. To in hukuncinta bai yi maka ba, sai kotun ɗaukaka ƙara ta Zinder.

Ranar da aka yanke hukunci, kada ka bar harabar kotu sai ka ga girefiye, wato magatakardan kotu. Tambaye shi ranar da wa'adin ɗaukaka ƙara zai cika, ka rubuta. Wa'adin na kwanaki ne, kuma a nan ma'aikata kan faɗi: mutum ya koma gida, ya yi shawara da 'yan'uwa, ya jira a yi sallah, kafin ya dawo ƙofa ta rufe. A wurin girefiyen za ka shigar da ɗaukaka ƙarar. Ka karɓi takardar shaida mai kwanan wata da hatimi, ka kuma nemi kwafin hukuncin. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ce shari'a a kotun ƙwadago kyauta ce.

Sai haɗa takardu, kuma a ganina nan ne ainihin shari'ar. Alƙalan sama ba su ga injin da ya kama maka hannu ba, abin da ke cikin dosiye suke karantawa. Ka nemo takardar sanar da haɗari, wadda doka ta ɗora wa mai aiki ya kai cikin awa 48. Ka haɗa da sartifikar likita ta ranar farko da ta ranar da aka ce rauni ya tsaya, hotunan ƙashi, rasit ɗin kantin magani, da takardun albashi, domin da albashi ake lissafin diyya. In rigimar a kan kason nakasa take, roƙi kotu ta sa wani ƙwararren likita ya sake duba ka. Birkila da yatsunsa biyu suka daina lanƙwasa, ba kukan ciwo zai kai wa alƙali ba, takardar da ta nuna ba ya iya riƙe cokalin gini zai kai. Ka ba da kwafi, na asali su zauna a hannunka.

Kada ka je kai kaɗai. Sandika, wato ƙungiyoyin ma'aikata, irin su USTN da CDTN sun san hanya, mai ƙaramin ƙarfi kuma yana iya neman taimakon lauya a ANAJJ, hukumar gwamnati mai ba da taimakon shari'a.

Idan nan ma ba a dace ba, saura kotun ƙoli a Yamai. Ita ba ta sake sauraron yadda haɗari ya auku, tana duba ko alƙalai sun bi doka ne kawai. Duk hujjar da kake da ita, ka zube ta tun a Zinder.