Yadda za ka kare jan ƙarfen masana'antarka daga ɓarayi

Duk mai masana'anta a Sharada, Bompai ko Challawa da ke Kano ya san ɓarawo ba injin yake so ba, wayar jan ƙarfen da ke cikinsa yake nema. Ita ce a cikin taransifoma da janareto, bututun na'urar sanyaya ɗaki ma na jan ƙarfe ne. Bayanta sai tagulla, da alminiyom, da dalmar batir. Abin takaici, zai sayar da ita kilo-kilo a kan kuɗi kaɗan, kai kuma ya tsayar maka da aiki na makonni.

Fara da sikeli. Wannan shi ne matakin da na fi damuwa da shi, domin abin da ba ka auna ba, ba za ka san ya ragu ba. Duk ƙarfen da ya shigo a auna a rubuta. Wanda aka fitar daga sito domin aiki ma a auna, guntayen da suka rage su dawo kan sikelin kafin a tashi. Kada mai riƙe makullin sito ya zama shi ne mai riƙe littafi, a raba wa mutum biyu. Kai ma ka riƙa shiga ba sanarwa kana gwada littafin da kayan da ke ƙasa.

Sai tarin tarkace, don ta nan kaya suka fi sulalewa. Akan binne jan ƙarfe a ƙarƙashin ruɓaɓɓen baƙin ƙarfe, mota ta fita da shi a kuɗin bola. Ka ware masu tsada a keji mai kwaɗo. Ranar lodi a bi kayan da maganaɗisu: yana kama baƙin ƙarfe, amma ba ya kama jan ƙarfe, tagulla ko alminiyom. Ka tsaya a kan dillali ɗaya da ka san shagonsa. 'Yan gwangwan da yawa masu neman halal ne, kuma in kun saba, su za su fara sanar da kai idan aka kawo musu kayanka. Saboda haka ka buga wa kayan tambarin kamfani.

Ƙofar fitar kaya ta zama ɗaya, kuma ba abin da zai wuce sai da takardar izini. Fitilu da kyamarori a haɗa su da sola, tunda ɓarawo jiran ɗauke wuta yake yi. A ƙara masu gadi lokacin sallar Juma'a da hutun Sallah.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, amma wannan ba hujjar wulaƙanta ma'aikata ba ce. In za a yi bincike a ƙofa, a yi wa kowa har manaja. Albashin maigadi kuwa kada ya wuce ranarsa, bai kamata a bar mai tsaron dukiya da yunwa ba.

Idan an yi satar, kada a taɓa wayar da aka yanke sai an kashe wuta. A ɗauki hoto, a kai rahoto ga 'yan sanda ko Sibil Difens tare da littafin awo, a kuma sanar da dillalai tun ranar, kafin a narkar da kayan.