Rap ba waƙa ce kaɗai ba: kurakuran da aka fi yi da wannan kalma ta Turanci

Yawancinmu a bakin mawaƙa muka fara jin kalmar rap, shi ya sa duk inda muka ci karo da ita sai hankalinmu ya tafi kan gambarar zamani. Alhali a Turanci wannan ma'anar ita ce 'yar auta. Kalmar ta yi ɗaruruwan shekaru ana amfani da ita kafin samarin unguwar Bronx ta birnin New York su fara jera baituka a kan kiɗa a shekarun 1970. Asalin ma'anarta ƙwanƙwasawa ce. In ka karanta he rapped on the door, ƙofa mutumin ya ƙwanƙwasa, ba waƙa ya tsaya yi a bakin zaure ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na harafin p, domin yana iya zubar wa mutum mutunci. Idan za a ƙara wa rap ɗafin da ya fara da wasali, dole a ninka p ɗin: rapped, rapping, rapper. Da ka bar p guda ɗaya, ka koma wata kalmar daban, wato rape, wadda ke nufin fyaɗe. Saurayi zai ɗora hoton abokinsa a Facebook da niyyar yabonsa, ya rubuta raping a maimakon rapping, shi ke nan ya jingina masa mummunan laifi a bainar jama'a. Wayarka kuma ba za ta gyara maka ba, tunda duka biyun kalmomi ne da ta sani. Ƙa'idar ba ta da wuya: gajeriyar kalma mai gajeren wasali da ta ƙare da baƙi ɗaya, ana ninka baƙin nan. Haka hop ke zama hopping, hope kuma ta zama hoping. A wajen furuci ma a kula, wasalin rap gajere ne kamar na "tak", na ɗayar kuwa ana jansa ya yi kusa da "ei". Kafin ka tura saƙo, ƙirga p ɗinka.

Sai rikicin rap da wrap. Furucinsu ɗaya ne sak, domin ba a furta w ɗin, amma wrap naɗewa ce ko ƙunshewa. A Turancin Najeriya wrapper zani ne, rapper kuwa mawaƙi. Akwai ta uku da ke shiga tsakani, rapt, wadda ake faɗa wa wanda ya tattara hankalinsa kacokan a kan abu. Daidai shi ne rapt attention, ba rapped ko wrapped ba.

Inda masu fassara da masu karanta jarida suka fi tuntuɓe shi ne harkar laifi da shari'a. Daga ma'anar bugu ne kalmar ta miƙe ta zama tsawatarwa, daga nan ta zama tuhuma. Editoci na son ta a kanun labarai saboda gajarta ta, don haka in ka ga Judge raps police, alƙali ne ya caccaki 'yan sanda. A rap on the knuckles jan kunne ne, hukunci mara tsanani. Take the rap na nufin mutum ya ɗauki laifi a kansa, sau da yawa ma laifin da wani ya aikata, kamar yaron shago da ya yarda a hukunta shi don ya rufa wa maigidansa asiri. Beat the rap kuma kuɓuta ce daga hukunci, kuma a nan akwai abin lura: mai faɗin haka yawanci yana nuna cewa mutumin tsira kawai ya yi, ba wai lallai ba shi da laifi ba. In ka fassara shi da "an wanke shi", ka ba shi tsarkin da marubucin bai ba shi ba. Rap sheet a Amurka takarda ce da ke ɗauke da tarihin kamun da 'yan sanda suka taɓa yi wa mutum, ba takardar da mawaƙi ke rubuta baitukansa ba. Bum rap sharri ne ko tuhumar zalunci. Bad rap kuwa baƙin jinin da bai dace da mutum ko abu ba, kuma kar a rubuta shi bad wrap.

Akwai kuma labarin da ke yawo a intanet cewa rap taƙaitawa ce ta rhythm and poetry. Ba haka ba ne, daga baya aka ƙirƙiro wannan aka liƙa mata. Tun kafin waƙar ta samu, baƙaƙen fatar Amurka na cewa rap suna nufin iya zance da sarrafa harshe, har wani ɗan gwagwarmayarsu na shekarun 1960 ya yi suna da laƙabin H. Rap Brown. Rap session ma hira ce ta ƙeƙe-da-ƙeƙe tsakanin jama'a, babu kiɗa a ciki. Saboda haka ba a rubuta kalmar da manyan baƙaƙe kamar sunan hukuma.

Rap da hip hop ma ba abu ɗaya ba ne, ko da yake ana yawan musanya su. Hip hop ita ce al'adar gaba ɗaya, da masu juya faifai da rawa da zanen bango. Rap shi ne jera baitukan kawai.

Ga ɗalibai masu rubuta WAEC ko NECO, beat the rap da bum rap maganar titi ce. A wasiƙar hukuma ko insha'i a rubuta escape punishment ko false accusation.