Yadda za ka kare kyamararka a kwanakin hawan sallah a Zariya

Tun daren jajibiri ka cika batura uku da caji, kada ka dogara da wutar NEPA. Kullum da dare ka kwashe hotunan zuwa kwamfuta.

Ƙura ce babbar matsala. Ka ɗaura wa kyamarar gilashi (lens) mai zuƙowa, wato mai jawo abu na nesa kusa, mai lamba 70-200mm, tun daga gida. Da dawakai sun fara sukuwa a ƙofar fada kada ka kuskura ka cire shi, don ƙura za ta shiga ciki, kowane hoto ya fito da ɗigo-ɗigo. Wajen gogewa, fara hura iska da ɗan famfo, sannan ƙyalle mai laushi. Bakin riga karce gilashi yake yi.

Jaka kuwa a ƙirji, saboda 'yan sane.

In masu kakaki da tambura sun matso, rage ƙarfin makirufo, in ba haka ba sautin zai fashe.